Dokar raɗa wa gine-ginen jakadanci suna a Amurka: yadda ake yin ta da waɗanda take karramawa

A cikin dokokin da Majalisar Dokokin Amurka ke yi, akwai wani rukuni da tsawonsa bai cika wuce sashe biyu ba. Sashe na farko yakan ce daga yanzu za a riƙa kiran gini kaza, da ke adireshi kaza, da sunan wane. Na biyu kuma yakan ce duk inda aka ambaci ginin, a wata doka ko taswira ko takardar gwamnati, to a ɗauka da sabon sunan aka ambace shi. Iyakarta ke nan. Ba ta ware kuɗi, ba ta kafa hukuma, ba ta hukunta kowa. Duk da haka sai ta bi matakan da dokar haraji ke bi: Majalisar Wakilai ta amince, Majalisar Dattawa ta amince, sannan shugaban ƙasa ya rattaba hannu.

Da irin wannan doka aka raɗa wa hedikwatar Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka suna, da ita kuma aka raɗa wa ofishin wakilcin ƙasar a Majalisar Ɗinkin Duniya. Saboda gajartarta, 'yan jarida ba su cika tsayawa a kanta ba. Amma wanda ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, ya duba wanda ya gabatar da kowane ƙudiri da hanyar da ƙudirin ya bi, zai ga cewa karramawar ta fi zuwa ga mai uwa a gindin murhu.

Wa ke da ikon raɗa suna

Da yawa daga cikin gine-ginen gwamnatin tarayya da ke cikin Amurka suna hannun hukumar kula da kadarorin gwamnati, wadda aka fi sani da GSA. Doka ta ba shugaban hukumar ikon sa wa duk ginin da ke hannunta suna, har da wanda majalisa ta riga ta raɗa wa. A aikace kuwa, majalisa ce ta fi yin wannan aiki, domin sunan da ya shiga kundin dokoki ya fi ƙima, kuma jami'in gwamnati zai yi dogon tunani kafin ya taɓa shi.

Ƙudirin da ya shafi ginin GSA yakan je gaban Kwamitin Sufuri da Ababen More Rayuwa a Majalisar Wakilai, a Majalisar Dattawa kuma Kwamitin Muhalli da Ayyukan Jama'a. Ofisoshin jakadanci da ke ƙasashen waje su kuma suna hannun Ma'aikatar Harkokin Waje, ta wani sashe nata mai kula da gine-ginen ƙetare, bisa wata doka da ta samo asali tun 1926. Don haka maganarsu ta fi biyowa ta kwamitocin harkokin waje, ko kuma, kamar yadda za a gani a ƙasa, ta cikin dokar kasafin kuɗi.

Kwamitin Majalisar Dattawa da aka ambata yana da rubutacciyar ƙa'ida: ba ya sa wa gini sunan mutumin da ke raye, sai tsohon shugaban ƙasa, ko tsohon mataimakinsa, ko tsohon ɗan majalisa da ya haura shekara 70, ko wasu manyan alƙalai da suka tsufa. Hikimar a bayyane take. Wanda ke raye bai gama rubuta tarihinsa ba, kuma yana iya saka wa wanda ya karrama shi. Sai dai duba jerin waɗanda aka keɓe: 'yan siyasa ne da alƙalai. Jakadan da ya yi shekara 30 yana aiki ba ya ciki. Ƙa'idar kuma ta kwamiti ɗaya ce, ba ta ɗaure majalisa baki ɗaya.

Hanyar da ƙudirin ke bi

A Majalisar Wakilai, yawanci ana ɗaukar irin wannan ƙudiri ta hanyar jingine ƙa'idojin majalisa. Muhawara ba ta wuce minti 40, ba a karɓar gyara a zaure, kuma sai kashi biyu cikin uku na masu jefa ƙuri'a sun amince. A Majalisar Dattawa kuma ana wucewa da shi ta amincewar bai ɗaya, wato muddin babu sanatan da ya ɗaga murya ya ce bai yarda ba. Wannan na nufin sanata guda na iya riƙe ƙudirin har wa'adin majalisa na shekara biyu ya ƙare, kuma ƙudirin da bai zama doka ba kafin ƙarshen wa'adin ya mutu ke nan, sai a sake gabatar da shi daga farko.

Mintunan 40 ɗin nan kusan kullum yabo ne. Ana tashi ɗaya bayan ɗaya a karanta tarihin wanda za a karrama, a tsallake duk abin da ba ya daɗin ji. Irin waɗannan dokoki suna da yawa ƙwarai: a majalisar da ta zauna daga 2007 zuwa farkon 2009, cikin dokoki 460 da aka yi, sama da 100 na raɗa wa gidajen waya suna ne kawai. Gine-ginen jakadanci kaɗan ne a cikin wannan tari, amma sun fi gidan wayar ƙauye nauyi, domin sunan da ke kansu shi ne abin da baƙon ƙasa ke fara karantawa.

Ginin Ron Brown

Daura da hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin New York, a lamba 799, akwai wani dogon gini na kankare wanda tagoginsa ke ƙara yawa da girma yayin da ido ke hawa sama, ƙasansa kuwa kusan toshe yake saboda tsoron bam. Nan ne ofishin wakilcin Amurka a Majalisar. Kamfanin mai zanen gine-gine Charles Gwathmey ne ya zana shi, a gurbin tsohon ginin 1961 da aka rushe. Sunansa a hukumance Ginin Ronald H. Brown.

An haifi Brown a Washington a 1941, ya tashi a unguwar Harlem ta New York, inda mahaifinsa ke manajan otal ɗin Theresa, masaukin manyan baƙaƙen fata a zamanin da otal-otal da yawa ba sa karɓarsu. Ya yi aikin soja, ya karanta shari'a, ya yi shekaru a ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta National Urban League. A 1989 ya zama shugaban jam'iyyar Democrat na ƙasa, baƙar fata na farko da ya shugabanci ɗaya daga cikin manyan jam'iyyun Amurka biyu, kuma a ƙarƙashinsa Bill Clinton ya ci zaɓen 1992. Clinton ya naɗa shi Sakataren Kasuwanci a 1993. A nan ma shi ne baƙar fata na farko.

A wannan muƙami ya shahara da kwasar shugabannin kamfanonin Amurka zuwa ƙasashen waje neman kwangila: Afirka ta Kudu a 1993, Sin a 1994, Indiya a 1995. A irin wannan tafiya ajali ya same shi. Ranar 3 ga Afrilu, 1996, 'yan watanni bayan yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yaƙin Bosniya, jirgin rundunar sojan sama da ke ɗauke da tawagarsa ya bugi dutse yana shirin sauka a Dubrovnik ta ƙasar Kuroshiya cikin mummunan yanayi. Duk mutum 35 da ke ciki sun rasu, har da ma'aikatan ma'aikatarsa, da 'yan kasuwa, da wakilin jaridar New York Times. Binciken rundunar ya ɗora laifin a kan gazawar shugabanni, da kuskuren matuƙa, da rashin ingancin tsarin saukar filin jirgin.

Wanda ya ɗauki maganar karrama shi a majalisa shi ne Charles Rangel, ɗan majalisa mai wakiltar Harlem, wanda a ƙuruciyarsa ya taɓa aikin karɓar baƙi a otal ɗin na Theresa. Ƙudirin da ya gabatar a majalisar da ta gabata bai kai ga zama doka ba. A 2009, da jam'iyyarsu ke riƙe da majalisun biyu da fadar shugaban ƙasa, ƙudirin ya wuce, Barack Obama ya sa hannu. An yi bikin buɗe ginin ranar 29 ga Maris, 2011, Obama da Clinton suna wurin, lokacin Susan Rice ce jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya.

Akwai abubuwan da jawaban yabo ba su cika ambata ba. Kafin ya shugabanci jam'iyya, Brown lauya ne a kamfanin Patton Boggs mai kamun ƙafa a Washington, kuma cikin waɗanda ya yi wa aiki har da gwamnatin Jean-Claude Duvalier, mai mulkin kama-karya na Haiti. A 1995 an naɗa mai bincike mai zaman kansa, Daniel Pearson, ya duba harkokin kuɗinsa. Brown ya musanta aikata ba daidai ba, ba a taɓa gurfanar da shi ba, kuma rasuwarsa ta rufe binciken kafin a kai ga matsaya. Adalci ne a faɗi duka biyun: ba a same shi da laifi ba, ba a kuma kammala binciken ba.

Wani abin lura shi ne Brown bai taɓa wakiltar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya ba. Adlai Stevenson ya riƙe wannan kujera, shi ne ya fuskanci wakilin Tarayyar Sobiyet lokacin rikicin makamai masu linzami na Kyuba a 1962. Andrew Young, baƙar fata na farko da ya riƙe ta, ya yi aiki daga 1977 zuwa 1979. Ginin bai tafi ga ɗayansu ba. Hujjar masu goyon bayan Brown ita ce ya mayar da kasuwanci wani reshe na diflomasiyya, kuma ya mutu a bakin aiki. Hujja ce mai ƙarfi. Amma a ganina abin da ya yanke magana shi ne yana da abokin da ya yi shekara da shekaru a majalisa bai saki zancen ba.

Truman, Shultz da Powell

Hedikwatar Ma'aikatar Harkokin Waje da ke unguwar Foggy Bottom a Washington ta yi fiye da rabin ƙarni ba ta ɗauke da sunan kowa. An gina tsohon ɓangarenta ne domin Ma'aikatar Yaƙi, jami'an diflomasiyya suka tare a 1947. A shekarar 2000 Ike Skelton, ɗan majalisa daga jihar Missouri, ya gabatar da ƙudirin sa mata sunan Harry S. Truman, shugaban ƙasa daga 1945 zuwa 1953, wanda shi ma ɗan Missouri ne. Clinton ya sa hannu, aka yi bikin a watan Satumba. A zamanin Truman aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar tsaro ta NATO, aka kuma ƙaddamar da shirin Marshall na farfaɗo da Turai. Shi ne kuma ya amince da jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki a watan Agustan 1945. Jakadan Japan da ke da ganawa a ma'aikatar, ta ƙarƙashin wannan suna yake shiga.

A 2002 aka sa wa cibiyar horar da jami'an diflomasiyya da ke Arlington sunan George Shultz, Sakataren Harkokin Waje daga 1982 zuwa 1989, wanda ya yi tsayin daka wajen samar wa cibiyar mazauni na dindindin. Yana raye lokacin, bai rasu ba sai 2021. A 2005 kuma majalisa ta raɗa wa wani tsohon otal a Kingston, inda ma'aikatan ofishin jakadancin Amurka a Jamaika ke zama, sunan Colin Powell, wanda iyayensa 'yan Jamaika ne. An yi haka ne shekara biyu da 'yan watanni bayan jawabinsa na 5 ga Fabrairu, 2003 a Kwamitin Sulhu, inda ya ce Iraƙi na da makaman ƙare dangi, makaman da ba a taɓa samu ba. Shi da kansa, a wannan shekara ta 2005, ya kira jawabin tabo a tarihinsa.

Ta ƙofar baya: Ginin Sembler

Misalin da ya fi nuna yadda ake kauce wa ƙa'ida yana birnin Rum na Italiya. Mel Sembler attajiri ne mai gina manyan rukunonin kantuna a St. Petersburg ta jihar Florida, kuma gogan tara wa jam'iyyar Republican kuɗi. George Bush babba ya tura shi jakada Ostareliya a 1989. Daga 1997 ya riƙe shugabancin sashen kuɗi na jam'iyyar, a 2001 kuma George Bush ƙarami ya tura shi Italiya. Wannan ba baƙon abu ba ne a Amurka, inda a al'adance kusan kashi 30 cikin 100 na jakadu naɗin siyasa ne, kuma manyan biranen Turai sukan faɗa hannun masu ba da gudummawar kamfe.

Abin da ya zama baƙo shi ne abin da ya biyo baya. A zamaninsa Amurka ta sayi wani katafaren gini kusa da ofishin jakadancinta na titin Via Veneto, kuma shi ya matsa a saya. A farkon 2005 aka raɗa wa ginin suna Mel Sembler, alhali yana kan kujerar jakada. Ba a gabatar da ƙudiri na musamman ba, ba a yi ko mintuna 40 na yabo ba. C. W. Bill Young, ɗan majalisa mai wakiltar yankin St. Petersburg kuma shugaban Kwamitin Kasafin Kuɗi na Majalisar Wakilai, shi ya cusa 'yan layukan a cikin wata jibgegiyar dokar kasafi. Irin wannan doka tana da ɗaruruwan shafuka, ana zaɓenta ne dunƙule, kuma babu ɗan majalisar da zai jefa albashin ma'aikatu cikin haɗari saboda sunan wani gini a Rum.

Doka ce halastacciya, ba wanda ya karya komai. Amma ƙa'idar hana karrama mai rai an yi ta ne daidai domin irin wannan yanayi, inda mai kuɗi da ɗan majalisar garinsu ke riƙe da igiya biyun lamarin.

Sunayen da ke jikin bango

To ina ma'aikatan da aikin jakadanci shi ne sana'arsu? A zauren shiga Ginin Truman akwai alluna na dutse da ƙungiyar ma'aikatan diflomasiyya ta Amurka ke kula da su tun 1933. Suna ɗauke da sunaye sama da 300 na waɗanda suka mutu a bakin aiki a ƙetare. Na farko shi ne William Palfrey, wanda ya ɓace a teku a 1780 yana hanyar zuwa Faransa. A cikinsu akwai Christopher Stevens, jakadan da aka kashe a Bengazi ta Libiya ranar 11 ga Satumba, 2012. Rabon ma'aikacin da ba shi da jam'iyya yawanci layi ɗaya ne a jikin wannan bango.

Akwai kuma waɗanda suka fi su nisa da karramawa. Ranar 7 ga Agusta, 1998, hare-haren bam a ofisoshin jakadancin Amurka na Nairobi da Darussalam sun kashe mutum 224. Amurkawa 12 ne a cikinsu. Sauran galibi 'yan Kenya ne da 'yan Tanzaniya, ciki har da ma'aikatan ofisoshin, direbobi da akawu da masu gadi. Su ba su da mazaɓa a Amurka, balle ɗan majalisar da zai ɗauki sunansu.

Ko sunan ƙaramin ma'aikaci ya hau gini, yana iya sauka. Hedikwatar hukumar kare muhalli a Washington ta daɗe tana ɗauke da sunan Ariel Rios, jami'in hukumar ATF da masu safarar ƙwaya suka harbe a Miami a 1982. A 2013 aka mayar da ginin sunan Bill Clinton bisa wata dokar majalisa. Sai a 2016 aka sake yin wata dokar da ta sa sunan Rios a hedikwatar hukumarsa.

Gini na baƙo ne, titi na mai gida

Yarjejeniyar Biyana ta 1961 kan hulɗar jakadanci ta ba ƙasa ikon kafa tutarta da tambarinta a ofishin jakadancinta, ta kuma hana mai masaukin baƙi shiga ba izini. Don haka sunan gini yana hannun ƙasar da ta aiko jakada. Titin da ke gaban ƙofa kuwa na mai gida ne, kuma a nan raɗin suna kan koma makami. A 1984 Majalisar Dokokin Amurka ta sa wa titin gaban ofishin jakadancin Sobiyet sunan Andrei Sakharov, masanin kimiyyar da Mosko ta kora zuwa Gorky. Majalisar birnin Washington ta yi wa Rasha irin haka da sunan Boris Nemtsov a 2018, ta yi wa Saudiyya da sunan Jamal Khashoggi a 2022. A 2016 Majalisar Dattawa ta amince a sa sunan Liu Xiaobo a gaban ofishin jakadancin Sin, gwamnatin Obama ta nuna ba za ta sa hannu ba, ƙudirin ya mutu a Majalisar Wakilai.

Najeriya ta taɓa shiga wannan dambe. Tafiyar 'yan mintuna daga Ginin Ron Brown, a mahaɗar titi na 44 da Second Avenue, akwai Gidan Najeriya, inda ofishin wakilcin ƙasar a Majalisar Ɗinkin Duniya yake. Allon da ke kusurwar yana ɗauke da sunan Kudirat Abiola, haifaffiyar Zariya, matar Moshood Abiola, wadda aka harbe a Legas ranar 4 ga Yuni, 1996, tana fafutukar a saki mijinta a ba shi nasarar zaɓen 12 ga Yuni, 1993. Majalisar birnin New York ce ta amince da sunan, aka kafa allon a farkon 1998, duk da adawar gwamnatin Janar Sani Abacha.

Gwamnatin sojan ta rama. Titin Eleke Crescent da ke Victoria Island a Legas, inda ofishin jakadancin Amurka yake a lokacin, aka mayar da shi sunan Louis Farrakhan, shugaban ƙungiyar Nation of Islam, mai zafin sukar gwamnatin Amurka, wanda ya ziyarci Najeriya a 1996 ya kare gwamnatin Abacha. Sunan bai daɗe ba. Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, gwamnatin Jihar Legas ta Bola Tinubu ta sake wa titin suna zuwa Walter Carrington, jakadan Amurka a Najeriya daga 1993 zuwa 1997, wanda kusancinsa da 'yan rajin dimokuraɗiyya ya kai jami'an tsaro suka tarwatsa liyafar bankwana da aka shirya masa a Legas.

Carrington ya rasu a 2020. Babban ofishin jakadancin ya koma Abuja, amma ƙaramin ofishin ya zauna a Legas, a lamba 2, Walter Carrington Crescent. Wannan adireshi ne matasan Najeriya masu ɗimbin yawa suka gani a takardar ganawarsu ta neman bizar Amurka.